Yadda ake kai haƙori asibiti tun bai fara ciwo ba

Yawancin masu zaman layi a sashen haƙori sun zo ne riƙe da kunci, bayan sun kwana ido biyu, sun tura kanumfari a kogo, sun shanye maganin kemis. Idan abu ya kai nan, sau da yawa cirewa ce ta rage. Ruɓewar haƙori ba ta ciwo a farkonta, domin ɓawon saman haƙori ba shi da jijiya. Kogo zai yi watanni yana ci ba ka sani ba, sai ya kusanci jijiyar ciki za ka ji zugi. Ƙaramin kogo a zama ɗaya ake cike shi, wanda ya kai jijiya kuwa sai aiki mai tsada ko a rabu da haƙorin. Don haka ranar da ta dace ka je ita ce ranar da kake jin bakinka lafiya lau.

Ka fara da zaɓen wuri. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato duk suna da sashen haƙori, haka ma manyan asibitocin jihohi da dama. Ka yi sammako ka yanki kati, ka ce dubawa ka zo yi. Ka nisanci masu cire haƙori a kasuwa da masu fitar da "tsutsa". Babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su saki tsamin da ke narkar da haƙori. Ƙarfen da ba a tsabtace ba kuma yana iya ɗauko ciwon hanta daga bakin wani zuwa naka.

Kafin ka fita, ka tuna abin da za ka faɗa. Kana ganin jini in ka tofar bayan goge baki? Ruwan sanyi ko shayi mai zafi yana sa wani haƙori tsami? Akwai inda nama ke maƙalewa kullum? Akwai miki a baki da ya wuce mako biyu bai warke ba? Ka tafi da magungunan da kake sha, kuma kada ka ɓoye hawan jini, ciwon suga, sikila ko maganin tsinka jini. Mai juna biyu ma ta faɗa. Ciki ba ya hana duba haƙori, hasali ma dasashi ya fi kumbura a lokacinsa.

A kan kujera, likita zai sa ɗan madubi da siririn ƙarfe ya bi haƙora ɗaya bayan ɗaya, 32 ga babban da nasa suka cika. Zai duba dasashi, harshe da ƙarƙashinsa, da cikin kumatu, musamman ga mai shan sigari ko mai sa taba gari, domin kansar baki takan fara ba tare da ciwo ba. Idan yana zargin kogo a tsakanin haƙora, zai tura ka hoto.

Sai wankin haƙori, inda mutane da yawa ke ja da baya. Dattin da buroshi bai cire ba yakan daskare ya zama kamar dutse a gindin haƙora, musamman bayan na gaba na ƙasa. Ka taɓa wurin da harshenka, za ka iya jin kaushinsa. Buroshi ko aswaki ba sa ɓamɓare shi, sai na'ura. Za ka ji ana cewa wankin yana buɗe tsakanin haƙora ya sa su girgiɗi. Wannan magana tana ɓata mini rai, domin ta jawo wa mutane asarar haƙoran da ko kogo ba su da shi. Daskararren dattin ne ya riga ya tura dasashi baya ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙori, cire shi kawai ya bayyana ɓarnar. Ɗan tsamin da ake ji bayan wanki yakan wuce cikin kwanaki.

Kada ka tashi sai ka tambayi ranar dawowa. Yawanci wata shida ne, amma likita na iya ragewa ko ƙarawa gwargwadon halin bakinka. Mai saurin mantuwa ya ɗaura abin da faɗuwar damina da shigowar hunturu.

Tsakanin zuwa da zuwa, goge baki sau biyu a rana, minti biyu, da man da ke ɗauke da sinadarin fuloraid mai ƙarfafa ɓawon haƙori, kuma na dare ya fi muhimmanci. Ka tofar, kada ka kurkure. A canza buroshi duk wata uku. Aswaki na da amfani, a ci gaba da shi, amma gawayi da toka kankare ɓawon haƙori suke yi.

Ke uwa, haƙorin farko yakan fito wajen wata shida, a kai jariri wurin likitan haƙori kafin ya cika shekara. Wajen shekara 6 turmi na dindindin yana tsirowa can baya ba tare da wani ya faɗi ba, sai a ɗauka na nono ne a bar shi ya ruɓe. Idan yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, musamman mai fama da tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, ya fara warin baki da jini a dasashi da kumburin kunci, kada a jira wata shida. Haka cutar bakin nan da likitoci ke kira noma ke farawa, kuma cikin kwanaki take cin fuska. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, amma matakin farko ana maganinsa a asibiti mafi kusa, a ranar da aka gani.