Yadda zaka farke babbar lamba ba tare da kalkuleta ba: mu gwada da 360360

Yawancin ɗalibai da sun ga lamba mai tsawo sai gabansu ya faɗi, alhali mafi yawan lambobi duk girmansu ƙananan lambobi ne aka ninka suka fito, aikinka kawai ka gano ƙananan. Mu ɗauki 360360.

Fara da wutsiyarta. Ta ƙare da sifili, to 2 da 5 da 10 duk suna raba ta. In kana son sanin 8 kuma kalli lambobi ukun ƙarshe kawai, 360, ka raba da 8 ya baka 45 ba saura, shikenan 8 ta shiga. Amma 16 bata shiga, gwada lambobi huɗun ƙarshe, 0360, ka gani.

Sai ka tara lambobin: 3+6+0+3+6+0 ya bada 18. Tunda 9 na raba 18, to tana raba 360360 gaba ɗaya. Dalili kuwa shine 10 da 100 da 1000 duk in ka raba su da 9 saura 1 ne, shi yasa tarawar take aiki, kuma don Allah kar ka ɗauki wannan dabarar ka kaita kan 7, bata aiki a can.

Nan ne wajen da nafi so wallahi. 7 da 11 da 13 sune masu wahalar da mutane, amma in ka ninka su ukun zaka samu 1001, wato dubu da ɗaya, don haka sai ka yanka lambarka gida uku uku daga dama ka ɗebe ɗaya daga ɗaya, abinda ya fito in 7 ko 11 ko 13 ta raba shi to ta raba uwar lambar ma. A nan 360 a cire 360 sifili kenan, duka ukun sun shiga lokaci guda. Gwada da 85176: 176 a cire 85 saura 91, wato 7 sau 13, kaga 7 da 13 sun shiga, 11 bata shiga ba.

Yanzu bi ta a hankali: 360360 raba 8 ya bada 45045, raba 9 ya bada 5005, raba 5 ya bada 1001. Kenan 2×2×2×3×3×5×7×11×13.

Kana son sanin lambobi nawa ne ke raba ta? Ƙirga sau nawa kowacce ta fito ka ƙara 1. 2 ta fito sau uku, ya zama 4, 3 sau biyu, ya zama 3, sauran huɗun kowacce 2. Ninka 4×3×2×2×2×2, amsa 192. Kuma ita ce lamba mafi ƙanƙanta da duk lambobi daga 1 har 15 ke rabawa ba saura.

Masu shirin WAEC ko JAMB ku ɗauki lambar wayarku ku bi da ita ta wannan hanyar, in ta kai gida uku ko huɗu sai ku rinƙa ɗebewa kuna tarawa bi da bi.