Sojan da ba ya tsufa: yadda ake gyara tarihin yaƙin jarumi a labarin zane

Duk labarin zane da ya daɗe yana fitowa, wata rana lissafin shekaru zai ci masa kwala. Jarumin yana nan daram da ƙarfinsa, ɗan arba'in da biyar kamar ran da aka fara zana shi, amma yaƙin da aka ce ya je kullum ƙara nisa yake. Kamfanin Marvel na Amurka ya sha fama da wannan. Jarumansa Reed Richards da Ben Grimm, waɗanda suka fito a 1961, da farko an ce mazan jiya ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Tony Stark kuma, wato Iron Man, a Biyetnam aka kama shi a 1963. Masu zane na Nima da Mamobi a Akra, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, unguwannin Zango na ƙasar Gana, idan suna da soja a labarinsu, irin wannan matsalar ce ke jiransu, domin tarihin Zango cike yake da kaki.

Fara da takarda da fensir kafin ka taɓa zane. Rubuta shekarar da labarin ke gudana, ka debe shekarun jarumin, ka sami shekarar haihuwa, ka ƙara ashirin, wato lokacin da ya shiga soja. A ce labarin yana 2025, sajenka kuma yana da 45. An haife shi 1980, ya sa kaki wajen 2000. Ke nan lokacin da dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, suka sauka Laberiya a watan Agusta 1990 ƙarƙashin Janar Arnold Quainoo, shi yana ɗan shekara goma. Aikin kiyaye zaman lafiya na Ruwanda a 1994 ma ya wuce shi. Wanda ya je yaƙin Bama (Burma) a 1944 yana da ashirin kuwa, yau ya haura ɗari. Wannan lissafi na minti biyu ne, amma shi ake tsallakewa, kuma shi mai karatu yake fara kamawa.

Aiki na biyu ya fi nauyi. Raba sunan yaƙin da abin da yaƙin ya yi wa mutumin. Rubuta su a layi uku ko huɗu: wane rauni ya dawo da shi, wa ya mutu a gabansa, wane bashi yake ɗauke da shi, yaya gida ya karɓe shi. Na Stark ƙanana ne masu sauƙin ɗauka: ɓarɓashin ƙarfe kusa da zuciya, zaman fursuna, abokin ɗauri Yinsen da ya ba da ransa, sai sulken da suka ƙera a tsare. Babu ɗaya da ya rataya a kan Biyetnam, shi ya sa a 2005 aka kwashe su aka kai Afganistan, fim ɗin Iron Man na 2008 ya bi sahu, ba wanda ya ji an yi ɓarna.

Frank Castle, wato Punisher, da ya fito a 1974, nasa daban ne. Ɗacin ransa daga dajin Biyetnam ya fito, da kuma yadda sojojin wancan yaƙi suka koma gida ba tarba. Marubuci Garth Ennis ya bar shi a Biyetnam a nasa jerin, ya ƙyale shi ya tsufa. Mu ma muna da irin wannan yaƙi da ba ya ɗaguwa. Sojan Gold Coast Regiment, rundunar Gana ta zamanin mulkin mallaka, da ya je Habasha sannan Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi aiki ne ƙarƙashin hafsoshin Turawa, Hausa ce harshen bariki, taken rundunar ma "Kullum Shiri" ne. Ya dawo ya tarar da alkawuran da aka yi masa ba su cika ba, har takwarorinsa suka yi tattaki ranar 28 ga Fabrairu 1948 aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey a mararrabar Christiansborg. Idan wannan fushi ne ƙashin bayan jaruminka, kada ka kai shi Labanon. Sojan kiyaye zaman lafiya na ƙasa mai 'yanci, da albashinsa da alawus ɗinsa, wani mutum ne daban.

Idan layukan da ka rubuta sun nuna yaƙin zai ɗagu, to matsar da shi gaba, kuma zaɓi inda zai daɗe bai sake tsufa ba. Labanon ta fi ko'ina dacewa, saboda sojojin Gana suna zuwa can tun 1979, rukuni bayan rukuni. Ka ce "ya yi Labanon" ba tare da shekara ba, jimlar za ta yi maka aiki tsawon lokaci. Kongo ta 1960 ko Ruwanda kuwa shekararsu a goshi take.

Wata hanyar ita ce a bar yaƙin a inda yake a tsayar da jikin mutumin. Captain America ya fito a 1941, aka ce ya daskare cikin ƙanƙara, aka farfaɗo da shi a 1964. Kyan dabarar shi ne barcin ne kawai ke ƙara tsawo: da shekara ashirin ne, yanzu ya wuce sittin. Nick Fury kuma, wani tsohon sojan labaran Marvel, wani magani aka ce yana hana shi tsufa. A wurinmu hannu zai yi saurin kaiwa ga laya ko tsimi. Yana yiwuwa, amma ga mutum ɗaya tak. Ka ba soja uku laya iri ɗaya, labarin ya tashi daga na soja ya koma tatsuniya, kuma matarsa da 'ya'yansa da abokan barikinsa duk suna nan suna tsufa, sai ka san yadda za ka yi da su.

A 2019 Marvel ta ƙirƙiro yaƙin Siancong, ƙasar da babu ita a taswira, ta zuba Richards da Grimm da Castle da James Rhodes a ciki. Lissafi ya huta, sai dai yaƙin da ba kakan kowa da ya je ba ya taɓa zuciya. Ba mu ba da shawararsa sai ga ƙananan 'yan wasa.

Hanyar da ta fi dacewa da Zango a ganinmu ita ce gado. A 2012 an fito da ɗan Nick Fury, sojan da ya yi Afganistan, ya ɗauki sunan uban. Haka gidajenmu suke tun asali: kaka ya yi Bama, uba ya yi Kongo ko Labanon, jika yana Sudan ta Kudu. Tsohon yana zaune a kan buzu a zaure, akwatin ƙarfe a gefensa, lambobin yabo nannaɗe cikin tsumma, yaron ya durƙusa ya ce, "Kaka, an sa sunana, za mu tafi." Shi kuma ya ce, "Allah ya tsare, ɗan nan. Kada ka kwana da takalmi a jiƙe." Ba ka goge komai ba, kuma ka sami jarumai biyu.

Kowace ka zaɓa, sai ka bi tsofaffin shafuka ɗaya bayan ɗaya, don a ƙananan abubuwa ake tuntuɓe. Hular kwanon Majalisar Ɗinkin Duniya shuɗiya ce, ta ECOMOG fara. Sojan Bama bindigar Lee-Enfield ya riƙe, kada a ga ta a hannun na Labanon. Kuɗin da ya aiko gida fam ne kafin 1965, bayan nan sidi, kuma daga Yuli 2007 tsohon sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya. Motar da ta kai shi bariki a hagun titi take tafiya kafin Agusta 1974, bayan nan a dama. Idan mutuwar uwarsa ta iske shi a wasiƙar da ta yi makonni a hanya, sabon zamanin yana da waya, dole ka nemo dalilin da labarin bai kai shi da wuri ba. Don ganin tsofaffin kaki da makamai ido da ido, gidan tarihin soja da ke tsohon sansanin Kumasi Fort ya ishe ka ka je da littafin zane.

Sabon tarihin kuma kada a yi masa shela. Shafi ɗaya na tuna baya ya isa, gidan zane huɗu zuwa shida, a nuna raunin nan da abokin nan cikin sabon wuri, sannan labari ya ci gaba. Bayan haka buɗe kundi guda na jarumin, ka rubuta shekarar haihuwa, muƙami, inda ya yi aiki, da shekarun matarsa da ɗan farinsa, ka kuma sa ranar da za ka sake duba lissafin bayan shekara biyar.