Kurakuran da ke ɓata binciken harshe biyu a Jos, da yadda za a gyara su

Da yawa daga cikin kundayen da ɗalibai ke rubutawa a Jos kan masu jin harshe biyu, tun a babi na uku suke samun matsala, wato wajen tsara yadda za a tattara bayanai. Abin ya fi damun masu karatu daga nesa, irin ɗaliban jami'ar NOUN, waɗanda ke aiki da rana su yi karatu a waya da dare, ba su cika samun wanda zai duba tsarinsu kafin su fita neman bayanai ba. Tushen matsalar kusan ɗaya ne: a ɗauko tsarin da aka yi domin Kanada ko Amurka, a ɗora wa Jos ba tare da an dubi mutanen Jos ba.

Babban kuskuren shi ne raba yara gida biyu, masu harshe ɗaya da masu harshe biyu, sannan a gwada makinsu. A ina za ka samo masu harshe ɗayan? Yaron Berom da ke Bukuru yana Berom da kakarsa, Hausa a layi da kasuwa, Turanci a aji, ga buroka da abokai. Haka ɗan Afizere, da Anaguta, da Ngas ɗin da iyayensa suka zo daga Pankshin. Ko Bahaushen Gangare da ake yi wa kallon mai harshe ɗaya, Larabci yake karantawa a Islamiyya, ga Turanci a boko. Ɗalibi kan rasa yadda zai yi, sai ya tafi ƙauye ya kwaso yaran da ba su samu makaranta mai kyau ba, ya gwada su da 'yan makarantar kuɗi ta Rayfield. Abin da ya auna a nan bambancin arziki ne da na makaranta, harshe bai shigo ba.

Wannan kuskure tsoho ne. A 1923 wani mai bincike, Saer, ya ba da rahoton cewa yaran karkara masu harshe biyu a yankin Wales na Birtaniya sun gaza masu Turanci kaɗai a gwajin basira, alhali a birane kusan babu bambanci. Irin wannan sakamako ya daɗe yana tsorata iyaye, har 1962, lokacin da Peal da Lambert suka gwada yara 'yan shekara 10 a birnin Montreal na Kanada bayan sun daidaita matsayin gidajen da suka fito, sai masu harshe biyun suka wuce gaba. Gyara a wurinmu shi ne ka tsaya a makaranta ɗaya ko unguwa ɗaya, ka auna yawan amfanin da kowane yaro ke yi da kowane harshe, sannan ka rubuta aikin iyayensa da zurfin karatunsu.

Daga nan sai takardar tambayoyi. Akan tambayi mutum harshensa na gado, a bar masa gurbi ɗaya. Wanda mahaifinsa Tarok ne, mahaifiyarsa Mwaghavul, aka haife shi a Tudun Wada yana Hausa tun yana rarrafe, me zai rubuta? Sunan ƙabilar mahaifinsa zai sa, ko da gaisuwa kaɗai ya iya da yaren. Ka raba tambayar: da wane harshe yake magana da uwa, da 'yan'uwa, a coci ko masallaci, a kasuwar Farin Gada, a saƙon waya, kuma yana ɗan shekara nawa ya fara kowanne. Kada kuma ka tsaya kan «na iya sosai» ko «na iya kaɗan». Wani kunya ke sa ya rage, wani alfahari ke sa ya ƙara. Ka haɗa da ɗan gwaji, ko da ba shi hoto ne ya ba da labarinsa da kowane harshe.

Masu karatu daga nesa suna da nasu tarkon. Sai a haɗa fom a Google, a jefa a guruf na WhatsApp, mutum ɗari su cika, a rubuta cewa ɗaliban Filato sun gamsu da karatu ta intanet. Waɗanda suka cika ɗin su ne masu babbar waya da data da caji, masu karanta Turanci ba wahala. Wanda ya bar karatun saboda rashin sabis ko tsadar data, wanda shi ne ya fi kowa abin faɗa, fom ɗin bai taɓa isa gare shi ba. Ka buga wasu a takarda da Hausa da Turanci, ka kira wasu a waya, ka nemi waɗanda suka daina. In hakan ya gagara, ka faɗa ƙarara a kundin cewa sakamakonka ya tsaya ne kan masu intanet.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake jera ingausa a cikin alamomin rauni, a ƙirga duk inda yaro ya sirka Hausa da Turanci a ce kuskure ne. Shana Poplack ta yi nazarin 'yan asalin Puerto Rico a birnin New York, ta wallafa a 1980, ta nuna cewa waɗanda suka fi ƙwarewa a harsunan biyu su ne suka fi sauya harshe a tsakiyar jimla, kuma ba su karya nahawun kowanne. Aikinka shi ne ka gano inda sauyin ke faɗowa a jimla, da wa ake yi, kuma kan wace magana. Sai dai in ka ajiye rikoda a gaban mutum ka ce kai ɗan jami'a ne, nan take zai gyara zama ya koma Turancin aji. Nemi izininsa tukuna, wannan dole ne, sannan ka bar hirar ta yi tsawo, a cikin abokansa, har ya saki jiki. Wajen rubuta abin da ka naɗa, ka sa ƙ da ɗ da ɓ a inda suke.

Akwai kuma masu jin yaro yana zuba Turanci a tsakar makaranta su ce ya iya, su ɗora faɗuwarsa a jarabawa kan lalaci. Wani mai bincike, Jim Cummins, ya bambanta harshen hira da harshen karatu: na farko yakan samu cikin kamar shekara 2, na biyu yana ɗaukar 5 zuwa 7. Ka bayyana wanne kake aunawa.

A babi na biyu kuwa, wato wajen bitar binciken da aka yi a baya, kada ka rubuta cewa an tabbatar harshe biyu na ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. Ellen Bialystok ta Kanada ta samu shaidar hakan, amma Paap da Greenberg sun gwada a 2013 ba su samu ba, kuma a 2015 de Bruin da abokan aikinta sun nuna cewa binciken da ya goyi bayan ra'ayin ya fi samun shiga mujallu. Ka kawo ɓangarorin biyu. Ka kuma karanta na gida, musamman shirin firamare na shekara 6 da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci, Turanci kuma ya zama darasi. Yanayinsa ya fi kusa da namu, ko da yake ajin Ife harshe ɗaya yaran ke ji a gida, ajin Jos kuwa kana iya samun biyar, don haka ka nuna wannan bambanci kafin ka jingina da shi.