Yadda Ake Tafiyar da Ƙungiyar Ƙwallon Yara ta Unguwa a Birnin Kebbi

1. A fara da mai unguwa da iyaye. Kada yaro ya shiga fili sai waliyyinsa ya amince, sannan a rubuta sunansa, shekarunsa da lambar wayar gida a littafi.

2. A raba su bisa shekaru. 'Yan ƙasa da 12 su buga bakwai-bakwai a rabin fili da ƙwallo mai girman lamba 4, manya kuma lamba 5. Haɗa ɗan shekara 10 da ɗan 16 shi ke jawo targaɗe da karaya.

3. Atisaye bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Alhamis da Juma'a sun fi dacewa, tunda galibi babu Islamiyya. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka a tsaya duk minti 20 a sha ruwa, ko yaran ba su nema ba. Da azumi kuwa gara a dakata.

4. Kullum a tsince ƙaya da fasassun kwalabe. Da damina a cike ramuka.

5. Koci daban, ma'aji daban. Duk wata a karanta lissafi gaban iyaye, domin zargin kuɗin riguna kan wargaza ƙungiya kafin kakar wasa ta yi nisa.