Ɗaliban Zariya masu son fim, ga yadda za ku koyi sauti da kyamara da editin da kanku

Toh jama'a, musamman ku 'yan Samaru da Kongo da 'yan poli masu cewa sai kun samu babbar kyamara za ku fara, wayar da ke aljihunku ta isa ku koyi aikin nan wallahi. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku rubuta ɗan labari da bai wuce minti 3 ba, 'yan wasa biyu, lokeshin ɗaya. Sharaɗin kawai shi ne karɓa-karɓa, wanda ya riƙe kyamara a fim na farko shi zai ɗauki sauti a na biyu, a na uku ya zauna editin, don sai mutum ya zauna yana haɗa abin da wani ya ɗauko masa sannan yake gane me ya kamata a ɗauka tun farko. 'Yan wasa kuwa ba matsala ba ne, ku leƙa Drama Village a ABU, ɗaliban sashen wasan kwaikwayo da yawa neman inda za su gwada kansu suke.

Da sauti za ku fara, don nan ne finafinan ɗalibai suke mutuwa. Mai kallo zai yi haƙuri da hoto mai ɗan duhu amma in bai ji me ake cewa ba wucewa zai yi. Kada ku dogara da maik ɗin wayar da ke ɗaukar hoto, ta yi nisa da baki. Ku sa wata wayar daban tana rikodin a aljihun gaban rigar ɗan wasa, ko ku sayi ƙaramin maik ɗin nan da ake maƙalawa a wuya, ya zama kamar taƙi ɗaya daga baki. Amma fa ku lura da kaya, sabuwar shadda mai sitati duk motsin da mutum ya yi sai ta yi ƙaras ƙaras a cikin maik, haka hijabi in yana gogarsa, gara a sa yadi mai laushi ko a liƙe wayar maik ɗin da filasta daga ciki. Mai sauti dole iyafis na kunnensa yana ji, ba tsayawa kallon wasa ba, kuma in af ɗin rikodin yana nuna mitar ƙarfin sauti a bar murya tana kaiwa wajen -12, da ta taɓa ja ta fashe kenan babu gyara.

Kafin ku zaɓi waje ku je ku tsaya ku rufe ido ku saurara. Gefen Kwangila tirela ba za ta bar ku ba, PZ da Sabon Gari hon ɗin keke da acaba, a hostel kuma janareton mai shago ko wani yana buga waƙa. A cikin ɗaki a kashe fanka da firij ko da za a yi gumi. Ku tsara shutin da lokutan sallah, ana fara kira a tsaya, a je a yi a dawo. Farkon kowane ɗauka wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin edita zai daidaita murya da hoto. In an gama sin, wato fitowa ɗaya ta labarin, kowa ya yi tsit na sakan 30 a ɗauki shirun wajen, da shi ake cike giɓin tsakanin maganganu, in ba haka ba za ka ji sauti yana ɗaukewa ɗif yana dawowa.

Kyamara kuma, waya a kwance, a goge gilashin kowane lokaci barin ma da hunturu da ƙura ke ko'ina. A sa 25 a yawan hoto na sakan ɗaya, shata kuma, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga kowane hoto, 1/50 na sakan, saboda wutar Najeriya 50 take bugawa a sakan, in ba a daidaita ba ƙwan lantarki sai ya dinga ƙyaftawa a hoton. Manhajar ɗaukar hoto ta Open Camera kyauta ce a Android, tana bari ka kulle fokas da haske a wayoyi da dama, kuma a kan fuska ake kullewa, in ɗan wasa baƙi ne ya sa farin kaftani waya za ta bi farin ta mayar da fuskar duhu. Da rana tsaka kada ku wahalar da kanku, ido shigewa inuwa yake, ku yi da sassafe ko bayan la'asar, farin kwali ya isa ya mayar da haske fuska. Kowane sin a ɗauke shi daga nesa, sannan kusa da kowanne ɗan wasa, kuma in mutum biyu na magana kyamara ta tsaya ɓangare ɗaya na layin da ke tsakaninsu, da ta tsallaka sai a ga kamar duk waje ɗaya suke kallo. Cikin birni ko kasuwa kuwa a nemi izini tukuna, gaisuwa wajen mai unguwa ba ta rage komai.

A ranar da aka yi shutin a kwafe komai waje biyu, memori ba amana gare shi ba. Wajen editin, af ɗin CapCut ya isa a waya, mai laftof mai ƙarfi ya sauke DaVinci Resolve shi ma akwai na kyauta, amma wajen girman hoto ku ɗauka a 1080, 4K da ya fi shi girma zai cinye muku waje ya sa kwamfuta tsaitsayawa. Fara jera labarin kawai ba ado. Yanka a tsakiyar motsi, mutum na miƙa hannu zai buɗe ƙofa ka yanka zuwa ciki, ido ba ya lura. Wani lokaci ka bari muryar mai magana ta shigo kafin a ga fuskarsa. Rage hayaniya da Audacity, af ɗin gyaran sauti na kwamfuta, kaɗan ake yi, in ka matsa murya ta koma kamar daga cikin tulu. Waƙar mutane kuma a bar musu, YouTube na iya kama ta, ku nemi abokinku mai gurmi ko mai haɗa kiɗa ya yi muku.

In kun gama kada ku nuna wa waɗanda aka yi da su, sun san labarin. Ku ba wani da bai san komai ba ya kalla a sifikar waya, kai kuma ka zauna gefe ka yi shiru, duk inda ya ce “me ya ce?” ko ya ɗauke kai ka rubuta mintin, wajen za ka koma ka gyara.