Darasi na 6: Zaɓen pil na tocila ga mai aikin dare a waje

To ƴan uwa, masu ban ruwa da dare a Jiratawa, masunta na tafkin Madarunfa, makiyaya da masu gadin gona, darasin nan naku ne, don tocila ta mace maka cikin daji wajen da akwai maciji da kunama ba ƙaramin abu ba ne.

Tunda yanzu kun iya baƙaƙe da lambobi, kada ku ba mai butik kuɗi sai kun juya pil ɗin kun karanta jikinshi. Babban nan mai kauri an rubuta mai R20, matsakaici irin na rediyo ƙarama R6, ɗan siririn kuma R03, dukansu bolt 1,5 ne, girman ne ya bambanta kuma babba ya fi daɗewa. In kun ga L a gaba, wato LR20 ko LR6, wannan alkalin ne, ya fi tsada gaskiya amma ya fi na araha jimiri sosai, ni dai wanda zai kwana a gona shi nake ba shawara ya saya ko da zai ƙara kuɗi. Sannan ku duba wata da shekarar da zai lalace, wanda ya daɗe a tebur cikin ranar watan Afrilu da Mayu ƙarfinshi ya riga ya ragu.

Masu tocilar da ake cajawa da kuran ko sola, sau da yawa batirin litiyom ne a ciki mai lamba 18650, bolt 3,7. Na kirki ba ya wuce wajen 3500 mAh, wato ma'aunin yawan wutar da yake riƙewa, in kun ga an rubuta 9900 ƙarya ce ku aje shi. Kuma don Allah kada a bar shi a rana ko kusa da murhu, yana iya kamawa da wuta.

Kada a haɗa sabo da tsoho a tocila ɗaya, tsohon ne zai zubo ruwa ya ci ƙarfen ciki. In za a aje ta da daɗewa a cire pil ɗin. Wanda ya mutu kuma a hana yara fasawa, kada a jefa shi rijiya ko wuta.

Aikin gida: kowa ya kwafo abin da ke jikin pil ɗin tocilarshi a littafi, gobe mu karanta tare.