Kurakuran da aka fi yi wajen neman kuɗin gwajin bayan gida

Gwajin bayan gida don neman tsutsar ciki ba shi da tsada, amma takardar neman kuɗinsa takan dawo daga HMO, wato kamfanin da ke biyan asibitoci kuɗin inshorar lafiya, ba a biya ba, galibi kuma matsalar daga teburin mai cike takardar take.

Na farko shi ne cakuɗa gwaji biyu. Duba bayan gida da madubin likita daban yake da shuka ƙwayar cuta, wanda ke ɗaukar kwanaki. A tsarin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, dubawa kawai tana cikin kuɗin da ake ba asibitin matakin farko duk wata a kan kowane mai rajista, don haka ba a sake nemansa. Shukar kuwa tana buƙatar lambar izini kafin a yi. Masu aiki da SOCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Sakkwato, su duba jadawalinta, kada su ɗauka komai ɗaya ne.

Inda na fi damuwa shi ne lambar cuta, wato lambar ICD-10 da ake sa wa kowace cuta a takardar neman kuɗi. Likita ya rubuta "ana zargin atini", sai mai cike takarda ya sa A06, lambar cutar amiba, alhali sakamako bai fito ba. Zargi ba tabbaci ba ne. A sa abin da ya kawo maras lafiya, zawo ko ciwon ciki, har ɗakin gwaji ya yi magana. Idan kuma ya yi magana, a daina fakewa da B82.9 mai nufin ba a tantance ba: Ascaris B77 ce, tsutsa mai ƙugiya B76, Giardia A07.1. Ga yaron da aka kawo daga bakin madatsar Goronyo ko fadamun Wurno, a lura sosai. Tsargiyar da ake gani a fitsari B65.0 ce, ta hanji da ƙwanta ke fita a bayan gida B65.1. Lamba ɗaya ce tsakani, amma ta isa a ƙi biya.

Sai kwanan wata. Idan likita ya nemi samfur uku a ranaku daban-daban, kowanne a rubuta ranarsa da sakamakonsa. Samfurin da ya gauraya da fitsari ko ƙasa har aka ƙi karɓa kuwa, ba a gwada shi ba, kada a sa shi a lissafi. A ba mai jinya sabuwar roba, a bayyana masa yadda zai sake kawowa da wuri.